Man Giyar Motar Yaya Mas'udu

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Saura kwana goma sha ɗaya Yaya Rashida, matar marigayi yayana Mas'udu, ta fita takaba. Ni zan kai ta gidansu Dantchiao, ita da ƴarsu Hanan da kayan ɗakinta. Baffanta ya ce zai aiko amalanken shanu. Na ce a'a, a motar mijinta aka kawo ta, a cikinta za a mayar.

Motar ce dai. In na sa giya sai na ƙirga huɗu kafin ta kama. Makon jiya uku ne.

Talata, 7
Na zaro sandar awon man giya na shafa a farar takarda. Baƙi ne, da ƙauri. Na duba littafin da Yaya Mas'udu ke rubuta gyare-gyare: taya, batir, juyen man inji, shekara goma sha biyu. Babu man giya ko sau ɗaya. Kilomita dubu ɗari huɗu da ɗoriya.

Ban ji haushinsa ba. Ban ji komai ba.

Alhamis, 9
Garajin Kyari, Magariya. Ya shinshina sandar, ya ce, "Bafillace, wannan ba nagge ba ce da za ka tatsa ka tafi." Na ce Babarbare ya yi aikinsa.

Sai ya daina dariya. Wai dattin da ke cikin tsohon man shi ke riƙe giyar yanzu. In aka wanke duka, mai yiwuwa ta warke, mai yiwuwa ta ƙi tashi daga nan inda take. In aka bari, za ta iya tsaya mini a rairayin Dantchiao da mace da yarinya.

"To me zan yi?"
"Motarka ce."

Ban saba jin haka ba. Motarka.

Asabar, 11
Ban yanke komai ba. Na shayar da shanu.

Lahadi, 12
Mun daidaita a tsakiya: a sauke abin da zai fito da kansa kawai, a zuba sabo daidai wannan. Ni na auna, sau biyu. Lita huɗu ba kaɗan. Na sa tsohon a bido, wata jarka mai tsabta, ko za a mayar in ta ƙi. Kyari ya ce a shekara talatin bai ga mai ajiye mataccen mai kamar man shanu ba.

A gindin tasar giyar da Kyari ya kwance akwai maganaɗisu, ya yi gashi da garin ƙarfe. Ya miƙo mini tsumma. Na goge. Na daɗe ina gogewa, in ji shi.

Talata, 14
Da safe na auna, man ya wuce alama sosai. Na ce shi ke nan, na cika na ɓata. Na hau babur har Magariya. Kyari: "Inji a kashe ka auna? Da sanyinta? Kai da ka yi kwaleji!" Ashe sai ta yi zafi, tana aiki. Na rubuta a littafin don kar in manta, ƙarƙashin layin Yaya Mas'udu na ƙarshe. Rubutuna ya fi nasa ƙanƙanta.

Ƙirga biyu yau.

Juma'a, 17
An yi addu'a, an loda gado da kwalla da keken ɗinki. A rairayin bayan rijiya motar ta yi gurnani, ta ja baya kaɗan, ta haye. A ƙofar gidansu Yaya Rashida ta ce, "Ilyasu, Allah Ya bar zumunci. Ka riƙa leƙo ƴarka." Hanan ta ce, "Baffa, ka yi hon." Na yi.

Da dawowa na tsaya ƙarƙashin wani gawo, na ce zan duba ko tana ɗiga. Ba ta ɗiga. Na koma na zauna, ban san tsawon lokacin ba. Idona ya dame ni, ƙila ƙaurin man ne.

Yaya Mas'udu dogo ne. Wata huɗu ke nan ina miƙa ƙafa kafin in kai birki. Na sa hannu ƙarƙashin kujera na jawo ta gaba. Da ƙyar ta motsa.