Igiyar Kekena

Litinin, 3 ga Maris
Babansu lafiya, sai tarin nan nasa. Auta lafiya, tana makaranta. Yayarsu ta ɗauki hutu a wajen aiki ta zo jinyata. Ni ce a kwance. Yau kwana biyar da yi min aiki a ƙafar dama, an rage ƙashin da ya turo a gindin babban yatsa. Ƙafar da na shekara ashirin da shida ina taka keken ɗinki da ita.

Laraba, 5 ga Maris
An canza bandeji. Na ƙare wa ɗinkin likita kallo: wani kusa, wani nesa. Da a shagona ne sai an warware. Da ya gama ya ja Yayarsu waje, suka daɗe. Na ce me ya ce? "Ba komai, Mama, ki dai riƙa ɗora ƙafar a kan filo." Ba komai ɗin ne har minti goma?

Asabar, 8 ga Maris
Takardar asibiti tana cikin jakar Yayarsu. Wai rubutun likita ba ya karantuwa. Don na koyi karatu da furfura a kaina, an ɗauka ba zan iya haɗa baƙi ba.

Talata, 11 ga Maris
Na dogara sanda na leƙa ɗakin ɗinki. An lulluɓe keke da zanin gado. Na ɗaga, babu igiyar da ke juya shi. Babansu ya ce wai tsinkewa ta yi. Igiyar fata, wadda na shafa wa mai da hannuna ana gobe aiki? Da rediyo yake magana, bai kalle ni ba. Matar mai kanti ma ta zo gaisuwa da sabuwar riga, ba ɗinkina ba. Bakinsu ɗaya. Da wannan ƙafar suke so su zaunar da ni gaba ɗaya.

Alhamis, 13 ga Maris
Sun fita kasuwa. Na sami igiyar a nannaɗe cikin kwalin takalman Auta, lafiyarta ƙalau. Na mayar da ita jikin keke, na yi wa wani zani kalmasa. Gefe biyu kacal.

Juma'a, 14 ga Maris
Ƙafa ta kumbura, takalmin asibiti ya ƙi shiga, jini ya fito ta bandeji. Yayarsu ta tsugunna tana gogewa. Na shirya amsa, ita kuwa sai cewa ta yi, "Kalmasar dai ta miƙe, Mama." Da faɗan ta yi min da ya fi sauƙi.

Lahadi, 16 ga Maris
Na cire igiyar na mayar cikin kwali. Ba don kowa ba, fata tana saki in ta zauna a ɗaure babu aiki.

Ke kuma Yayarsu, na san kina buɗe littafin nan, don ba haka nake ajiye biro ba. Baki da baki ba zan iya tambayarki ba. Ki rubuta min a ƙasa, da manyan baƙaƙe, kafin Laraba da za mu koma asibiti: zan ƙara taka keke, ko ba zan ƙara ba? Kada ki tausasa min. Na bar miki layi uku.