Manhajar da Ta Ƙi Hawa Kwamfutar Shago

Zuwa ga maigidana, Baban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka masu haƙar rijiyoyi. Ya daji, ya sauro, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Gimbiya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu ba a samu ruwan ba ne.

Tunda wurin da kamfanin ya kai ka ɗaukar musu hotuna waya ba ta shiga, dole na koma wa wasiƙa. Direban da ke kai muku kaya zai ba ka ita. Ka samu wuri ka zauna, don ba gaisuwa kawai na kawo ba.

Kwamfutar shagon hotonmu ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera a cikin kwali. Na kira mai gyara na ƙarshen layi, ya kasa kunne, ya ce rumbun ajiyar bayanai da ke cikinta ne yake haramar mutuwa, in kwashe abin da zan iya kwashewa. Ka san abin da ke ciki: duk hoton da muka ɗauka tun buɗe shagon, da na auren da ba mu ba masu shi ba, da na yaye ɗalibai, da namu na gida.

Na ɗauko rumbun wajen da ka saya tun bara don ajiye kwafi. Yana nan cikin ledarsa, ko ɓare shi ba ka yi ba. Kullum sai ka ce gobe. To ga shi an bar ni da fafe gora ranar tafiya.

Na gwada kwashewa da hannu, amma da zarar ta iso kan wani lalataccen hoto sai ta sandare, sai na kashe na kunna. Mai gyara ya ce sai da manhajar ajiya, wadda ta san tsallake lalatattu ta ci gaba, kuma tana nan cikin rumbun wajen. Na danna in ɗora ta, ta ce babu wuri. Na duba, ashe wasannin ƙwallon da kake saukewa ne suka cika cikin. Na goge su duka, kuma ba na neman afuwa. Na sake dannawa, ta ce sai an ba ta kalmar sirrin mai kwamfutar. Mai kwamfutar kuwa yana daji.

Ka rubuto mini ita, ka ba direba kafin ya juyo. Allah ya tsare mini kai.

Taka,
Maman Gimbiya

Zuwa ga Baban Gimbiya,

Sallama da fatan alheri. Na samu takardarka, na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi. Ka ci gaba da shafa maganin ko da ba ya ciwo. Mu ma muna lafiya, sai dai ni da kaina ke sarawa.

Ka ce ba ka tuna kalmar ba sosai, amma kana kyautata zaton sunana ne. Wallahi sai da na yi murmushi a gaban direba. Na saka sunana, ta ƙi. Na saka da manyan baƙaƙe, ta ƙi. Na saka na Gimbiya, na saka na mahaifiyarka, na saka sunan da kake kira na da shi kafin aure, duk ta ƙi. Da na gaji na leƙa waje shan iska, sai idona ya faɗa kan babur ɗinka da ke jingine. Na koma na saka lambarsa. Nan take ta buɗe. Wannan maganar na ajiye ta sai ka dawo.

Kada ka zaci an gama. Manhajar ta fara hawa, ta kai rabi, sai ta tsaya ta ce akwai tsohuwar irinta a ciki, sai an cire. Wato ka taɓa farawa ka watsar. Na je in cire tsohuwar, ita kuma ta ce ba za ta fita ba, don wasu sassanta sun ɓata. Sabuwa ba ta shiga sai tsohuwa ta fita, tsohuwa ba ta fita sai an cika ta. Sai da na bi jakunkunan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya ina tsince ragowarta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Da na gama wannan, sai manhajar tsaron da ka saka ta tashi, ta kama sabuwar ta kulle, wai ɓarauniya ce. Shekara da shekaru tana zaune ba ta taɓa kama kowa ba, sai wadda na gayyato da hannuna. Na dakatar da ita, na sake farawa. Yanzu abin da nake samu wani ɗan akwati ne mai jan tambari, da doguwar lamba, da kalma ɗaya: an kasa. Ba dalili, ba shawara. Mai gyara ya duba ya ce a goge komai a sake sabon zubi. Na tambaye shi hotunan fa, ya ɗaga kafaɗa. Na raka shi har ƙofa.

Abin da ya sa raina yake tashi ba taurin kan na'ura ba ne kawai. Ka tuna Baba Tela na kusa da mu, wanda ya kawo maka tsofaffin hotunan marigayiya matarsa ka shigar da su cikin kwamfuta? Ruwan saman da aka yi ya fasa rufin ɗakinsa, akwatin da yake ajiye na asalin ya jiƙe, sun manne sun zama dunƙule. Waɗanda ke cikin kwamfutarmu su kaɗai suka rage a duniya. Na nemi in buga masa su, jakarsu ta ƙi buɗuwa. Kullum da hantsi sai ya shigo da igiyar awonsa a wuya, ya zauna a kujerar masu jiran hoto. Ba ya tambaya. In ƙarar nan ta taso sai ya dubi kwamfutar, ya dube ni, ya ce, “'Yata, kada ki takura kanki.” Da faɗa yake yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙarar tana ƙaruwa. Yanzu ba na kunna ta sai in zan gwada, don kowane kunnawa ji nake kamar ina rage mata kwana. In kana da wata dabara ka rubuto, amma don Allah wadda ka tabbatar, ba wadda kake kyautata zato ba.

Matarka mai kewarka duk da haka,
Maman Gimbiya

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan aiki yana tafiya kuma jiki yana lafiya. Shawararka ta in kashe in sake kunnawa ta iso, na gode. Na riga na yi wannan sau ba adadi.

Manhajar ta hau, kuma ga yadda aka yi. Wata malamar asibiti ta zo neman rasit na hotunan da muka yi mata, za ta kai wurin aikinsu. Na kunna na buga mata, ta duba ta ce ba za su karɓa ba, don kwanan watan da ke kai na shekarun baya ne, tun ba ta fara aiki ba. Na dubi gefen allo, haka ne. Agogon kwamfutar ya koma baya, ashe ɗan batirin da ke riƙe shi ne ya mutu. Sai na yi tunanin manhaja tana duba kwanan wata kafin ta yarda da kanta, ita kuwa a lissafin kwamfutar ba a ma ƙirƙire ta ba. Na gyara kwanan, na danna. Ta hau sumul, kamar ba ita ce ta hana ni cin abinci ba. Har taya ni murna ta yi.

Daga nan ta tambaye ni da wace jaka za a fara. Na tsaya da linzamin kwamfutar a hannu ina jin ƙarar nan, na san rumbun ba lallai ya kai ƙarshe ba. Na sa ta Baba Tela a gaba, sai na masu aure da ɗalibai, sai sauran aikin mutane. Tamu ta gida na sa ta a ƙarshe. Ban shawarce ka ba, kuma na san da kai ne haka za ka yi.

Ta yi ta tafiya tun safe, a hankali, tana tsallake abin da ya lalace. Ban matsa ba, ko fanka ban bari ta juyo kanta ba. Wajen la'asar ta gama na mutane, ta shiga tamu. Ba ta yi nisa ba ƙarar ta ɗauke, allo ya yi baƙi. Na kunna, shiru. Mai gyara ya zo ya buɗe, ya ce sai haƙuri.

Na Baba Tela sun fita, in ban da guda biyu. Na je shagon mai kwafi na buga masa su. Ya karɓa ya zauna yana juya su, ya nuna mini wanda marigayiyar take dariya ta rufe baki da hannu, ya ce haka take yi tun tana budurwa. Ya daɗe a kujerar, na ƙyale shi.

Namu kuwa, abin da ya tsira hotunan ginin shago ne da na babur ɗinka ranar da ka saye shi. Na aurenmu akwai wasu a wurin Yayata. Na Gimbiya tun daga haihuwa har shigarta makaranta babu ko ɗaya, don mu masu hoto ba mu taɓa buga na 'yarmu a takarda ba. Na shiga ɗakin baya na yi kukana, na wanke fuska, na fito na sallami mai jiran hoton fasfo.

Ban gaya wa Gimbiya ba tukuna, na bari mu gaya mata tare. Haƙorinta na gaba yana girgiza, ta ƙi bari kowa ya taɓa, wai sai Babanta ya ɗauke ta hoto da shi. Ba zai jira ka da yawa ba. Ka nemi izini ka taho da kyamara, kuma a wannan karon a ranar za mu buga.

Taka har kullum,
Maman Gimbiya