Lagireton Baƙin Mai

Ƙofar Kibo, Zariya.

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Baban Binta, da Bintar kanta mai kunnuwan zomo. Inna na gaishe ku, ƙafar tata da sauƙi.

Kar ki yi mamakin ganin wasiƙa. In na kira ki a waya, kina jin muryata za ki fara dariya, maganar kuwa ba ta dariya ba ce.

Kin san jar motar Yaya Yahaya, wadda yake wasan mota da ita a bukukuwa, ita ce cinsa da shansa. Ya sa an ƙara wa injin ƙarfi. Da na raka shi Wusasa, Oga Dickson bakanike ya ce injin da ake murzawa haka a tsaye wuri ɗaya, baƙin mansa tafasa yake ya tsinke kamar ruwa, sai an ɗaura masa ƙaramin lagireto nasa na kansa da zai riƙa sanyaya man. Yaya ya ce an haɗa fanka kai tsaye, allurar zafi ba ta ko motsi, me kuma ake nema? Oga ya ce allurar nan ruwa take aunawa, ba ruwanta da mai. Maimakon lagireton, Yaya ya sayi sabuwar salansa, bututun hayaƙi mai ƙara, muka dawo.

Na yi masa magana har na gaji. Na rantse, ya ce haka na rantse ranar da na sa wa ladan kwaɗo a takalmi. Asabar bikin Zuwaira, a filin Kufena zai yi wasa. Ke yake jin maganarki. Don Allah ki kira shi.

Ƙaninki, shugaban marasa ji,
Nasrullahi

Ƙofar Kibo, Zariya.

Yaya Rakiya,

Sallama da gaisuwa, ya yara? Mu dai ga mu nan.

An ce kin kira shi, kun sha dariya kan wai na zama injiniya. Ban ga laifinki ba.

Ran Asabar yana cikin juyi, mata na guɗa, injin ya buga. Ƙara ɗaya, sai hayaƙi, mai ya malale a ƙasa. Yara ne suka turo motar gida suna waƙa. Bai ji ciwo ba, alhamdu lillahi.

Abin da ya kashe mini jiki, Yaya Rakiya, Yaya Yahaya cewa ya yi ni ne na lalata injin. Wai yaushe na san injin da zan faɗi abu ya faru, in ba yashi na zuba masa ba don maganata ta fito? An kuma gan ni da safe na buɗe gaban motar. Wallahi mai na duba. Unguwa duk ta ɗauka, har mai shayi ya daina ba ni kofi sai ya leƙa hannuna. Inna kuwa kuka kawai take yi.

Na je Wusasa a ƙafa, Oga Dickson ya yarda zai buɗe injin a gaban kowa, a gani in da yashi. Da muka iso gida muka tarar Yaya ya sayar da injin ga ƴan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun tafi da shi. Ya kwashe shimfiɗarsa daga ɗakinmu, ko sallamata ba ya amsawa.

Ba na ce ki sake kiransa ba. Ni dai ki gaya mini, tsakaninki da Allah, ke ma kina ganin na zuba?

Ki shafa mini kan Binta.

Ƙaninki,
Nasrullahi