Ki Rera, In Maimaita

Zuwa ga Ortensia, kanarin Napoli, zumar maƙoshi, iskar teku mai shigowa da la'asar, mai sa attajirai su manta da ƙanƙarar lemon da ke hannunsu har ta narke musu a wando; zuwa ga muguwar da ta fi kowace mace a duniya iya gana wa mai busa sarewa azaba! Gaisuwa daga bawanki Saverio, mazaunin ramin makaɗa a ƙasan dandamali, tsakanin gwiwar hannun mai goge da warin tafarnuwar mai ƙaho.

Ya sanyin idona, yau ƙararki na kawo, kuma wurinki na kawo ta, don ba ni da wani alƙali. Kin san al'adar gidan wasan nan namu. In babbar waƙarki ta zo ƙarshe, duk makaɗa sukan sauke hannu a bar mu mu biyu: ke ki lanƙwasa murya ki yi mata kwalliya, ni in maimaita da sarewa tiryan-tiryan, ba ragi ba ƙari. Kullum da safe mukan gwada mu shirya. To, don Allah, yaushe kika taɓa rera abin da muka shirya? Da safe ki nuna mini hanyar kasuwa, da yamma ki haye dutsen Vesuvio a guje, har ki waiwayo ki ga ko ina biye!

Kin tuna wasanmu na farko? Kika hau tsanin murya mataki-mataki, kika tsaya can ƙoli kina karkaɗa ta, sannan kika gangaro kamar ruwan indararo. Ni kuwa na saki baki ina kallonki, na manta abin da ya kawo ni. Da na farga na busa, sai sarewa ta ce ƙiiit! Wani daga saman bene ya ƙwala ihu, "Wa ya taka ɗan tsako?" Ɓawon lemo ya sauka a tsakar kaina. Maestro Cosimo, shugaban makaɗa, ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Saverio, ɗana, in kallo ka zo yi, akwai kujeru a waje." Ke kuma, da kike matsayin gimbiyar da baƙin ciki ya zautar, kika rufe fuska da mayafi, kafaɗunki na rawa. Jama'a suka zaci kuka ne, suka yi ta tafi, har da masu share hawaye. Ni kaɗai na san dariya kike yi mini. A ranar na kamu, kuma ban nemi magani ba.

Maestro yakan ce mai tsara waƙa ƙashi yake bayarwa, mawaƙiya ke sa tsoka, kuma ana yi wa murya kwalliya ne a inda magana ta gaza, in murna ko fushi ko hauka sun fi ƙarfin baki. Masu kujerun gaba suna zaton zuciyar gimbiya suke ji. Bayin Allah! Ni na iya karatun muryarki. Ranar da kika gan ni ina dariya da Nunziata mai soyayyen kifi, kika yi ta tsalle da murya daga ƙasa zuwa sama, kina suka kamar allura, har na ga taurari a rufin ɗaki. Ranar da na kawo miki ɓaure, kika kama sauti ɗaya, kika siranta shi, kika kumbura shi, kika ƙi saki har idona ya firfito, sannan kika kashe mini ido ɗaya. Ashe fushinki da farin cikinki duk a huhuna suke sauka! Wayyo ni, wace irin azaba ce wannan da mutum ke kwana yana marmarinta?

Yanzu ga abin da ya hana ni cin taliya. Azuminmu na Kirista ya gabato, ranar Talata za a rufe gidan wasa, kuma an ce jirgin ruwa zai tafi da ke birnin Lisbon ki yi musu opera, irin wasan waƙar nan namu. Ba daga bakinki na ji ba. Mahaifiyarki, Donna Rosaria, ce ta tare ni bayan labule, riƙe da kofinki na ɗanyen ƙwai da zuma, ta ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri. Iska ba ta cika tukunya. Can ma akwai masu busa." Na ce, "Mama, akwai, amma a cikinsu wa ya san in ta ɗaga girar hagu sama za ta haye?" Ta ce, "Za su koya." Na ce, "Ni fa da ɓawon lemo na koya." Ta ce, "Lisbon ma ana shan lemo."

Za su koya! Wani ƙato mai gashin baki zai kafa ido a takarda, ya busa miki abin da aka rubuta, ki kai ƙoli ki waiwaya ki ga ba kowa a bayanki. Wa za ki zolaya a can? Wa zai gane in kina fushi? Ki tafi da ni, Ortensia, rabin raina! Ba ni da kaya. Sarewa tana kwancewa ta shiga aljihu, ni ma in an danna zan shiga akwatin hulunanki. Mu je coci gaban Fada kafin azumi ya hana ɗaurin aure. Na yi alkawari, daga yau duk kifin da wata mace ta soya ya haramta gare ni, in ban da na Mama.

Na so in yi miki barazana, in ce ranar Talata zan ajiye sarewa a cinya in bar ki ki rera wa shiru a gaban dukan Napoli. Ƙarya nake yi, ba zan iya ba, yatsuna sun fi jin maganarki a kan tawa. Ki hau inda kika ga dama, ki murɗe, ki gudu, ki kai ni inda numfashi ba ya zuwa, ina biye da ke. Amma ina jin tsoro, wallahi ina jin tsoro. Duk abin da kika rera zan maimaita, in ban da bankwana. Wannan kam, sai dai ki rera shi ke kaɗai.

Naki har numfashi ya ƙare,
Saverio