Gefen Hagu na Jirgi

Mombasa, 3 ga Rajab

Bismillahi. Daga Kyaftin Tansli, babban kwamandan jirgin yaƙin Turawa, wanda kifaye ke kauce wa hanya, zuwa ga Nahoda Lali, matuƙin jirgin ruwa na Lamu. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jahazinka.

Bayan haka, na ji ka rantse ba za ka ƙara yi wa ɗanka Famau magana ba, tun da ya bar jahazin, jirginka na katako, ya shigo namu na ƙarfe. Shekara biyu ke nan. To ina sanar da kai yaro ya zama mutum. Mun naɗa shi kyaftin na hed. Hed a bakinmu kai ne, ka ga ke nan ya zama kan kawuna. Kullum da safe manyan hafsoshi layi suke yi a ƙofar ofishinsa, wasu har da rawar ƙafa.

Aibinsa ɗaya: da ya gama aiki sai ya jingina a gefen hagu na jirgi yana kallon ruwa, ya ce wai yana jin ƙanshin shinkafar kwakwa ta taso daga arewa. Likitanmu ya ce maganinsa layi biyu daga mahaifinsa.

Ka huta lafiya.
Kyaftin Tansli

Lamu, 19 ga Rajab

Daga Lali ɗan Shee zuwa ga Kyaftin, da hannun 'yata Somoe, don idona ya yi rauni. Aminci ya tabbata a gare ka.

Takardarka ta iso. Na gode wa Allah da ya nuna mini Baturen da ke buɗe wasiƙa da bismilla, ya rubuta ta da baƙaƙen allo. Har harafin wawunka mai doguwar wutsiya ne, irin na wani da malaminsa ya gaji da gyara masa.

Ina saurayi na yi shekara uku a jirgin Turawa, na san hed. A jiragensu na dā, wurin kewayawa can goshin jirgi yake, inda igiyar ruwa ke wankewa, shi ya sa sunan kai ya bi shi. Ka ce wa mai sarautar ya riƙa goge lungu. Aiki ne, ba abin kunya ba, kuma a gida ko tsintsiya bai taɓa ɗauka ba.

Gefen hagun nan kuwa, ka tambayi mutanenka me ya sa kuke ce masa fot, sunan tashar jirgi. Wani tsohon matuƙi ya gaya mini da can itacen tuƙi a dama yake, sai dole jirgi ya jingina hagunsa da ƙasa. Hagu shi ne gefen sauka. Na daɗe ban tuna wannan ba. Yanzu da la'asar nakan zauna bakin ruwa, ba na ganin jirage sosai, sai farin zanen da iska ke tura su da shi yana wucewa kamar mutane za su idi, ina lissafa wanne ne ya juyo da hagunsa.

Rantsuwata a kan yaron take, ba a kanka ba, don haka kana iya sake rubutowa. Jiya Somoe ta dafa wa miskinai goma shinkafar kwakwa da kifi. Kada ka tambayi dalili.

Wassalam.
Lali

Mombasa, 2 ga Sha'aban

Baba, ina gaisuwa, ina durƙushe.

Babu wani Kyaftin Tansli. Sunan a jikin gwangwanin biskit na ji ana karantawa. Kyaftin ɗinmu na gaske bai ma san sunana ba, Fama yake ce mini, kuma bai yi ƙarya ba.

Na yi niyyar in ci gaba da zama Bature, don shi kana amsa masa. Har na fara wasiƙa ta biyu, na ƙara wa kaina girma zuwa sarkin mes, wato wurin cin abinci, wanda kuma a bakinsu shi ne ƙazanta. Sai na koma kan miskinan nan goma. Baba, karatuna bai yi nisa ba, amma na kai inda aka faɗi abin da mai rantsuwa ke ciyarwa in zai warware. Na karanta layin har takardar ta yi laushi a aljihuna.

Ranar Alhamis ta sama za mu tashi zuwa Adan. Mai tafiya arewa ƙasa tana hagunsa. Da hantsin Juma'a za mu gifta farin yashin Shela, nan bakin Lamu, ba za mu tsaya ba. In ni aka yi wa girkin, a fito da jahazi a ɗaga tsohon zanen nan mai jan faci, wanda na ƙona da garwashi na ce aljani ne. Ba sai ka gan ni ba, Somoe za ta nuna maka saitin. Zan kasance a fot, da bokitina.

Ni ne na rubuta ta farkon, da wannan.

Ɗanka,
Famau