Baba Ya Ce Sai Tsuntsaye Sun Fita

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya, ya ƙara buɗi, ya sa ciwon bayan nan da yake damunka ya tafi ke nan. Mu ma nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Baban yara ya koma aiki bayan zazzaɓin kwana uku, wanda in ka ji yadda yake ba da labarinsa sai ka rantse wata uku ya yi a asibiti. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Na san za ka yi mamakin ganin hoton takarda a wayarka alhali shekaranjiya muka yi magana. To, a waya ba ka barin mutum ya kai aya, ni kuma maganar da ke cikina doguwa ce, tun safe nake kai da kawowa da ita, na kasa zaune na kasa tsaye. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ka hau ni da faɗa.

Baba ya ce ba zai taho ranar Asabar ba. Na san wata biyar ka yi kana zarya kafin likitan nan ya ba da ranar da za a yi masa aikin ido, kuma na san an ce in yanar ta ƙara kauri aikin zai yi wuya. Shi ma ya sani, don na maimaita masa har bakina ya gaji. Jakarsa tana nan a ɗaure, magungunansa na cikin leda, amma ya kafe. Ba rigimar tsufa ba ce, kuma ba tsoron wuƙar likita ba ne kamar yadda Goggo take yayatawa. Dalilin yana rataye a jikin wata bishiya, kuma ni na jawo, shi ya sa barci ma ba ya yi mini daɗi.

Ka tuna na gaya maka ofishinmu na kula da lambunan shaƙatawa ya yanke shawarar rataya wa tsuntsaye akwatunan sheƙa. An sassare tsofaffin bishiyoyi masu kogo saboda hanya da gine-gine, tsuntsayen gari sun rasa wurin ƙwai, balle baƙin da suke ƙaurowa daga nesa in lokacinsu ya yi. Da aka ce ana neman kafinta, bakina ya riga hankalina, na ce ga mahaifina. Tun da ya rufe shago yake zaune a kujerar nan ta bakin taga, rediyo a cinya, in ka yi masa magana sau uku ya amsa sau ɗaya. Na ce ko ya samu abin da zai motsa jininsa kafin tafiya. Wata malama mai nazarin tsuntsaye ce ke jagorantar aikin, ita ta ba ni takardar awo, ni kuma na zauna na karanta masa layi-layi: tsawo kaza, faɗi kaza, faɗin ƙofa kaza, gefe ɗaya ya riƙa buɗewa don dubawa. A layin ƙarshe ta rubuta cewa kada a goge cikin akwatin, a bar katakon da kaushinsa. Baba ya sa na sake karantawa. Sai ya sha mur, ya ce wato an ga tsoho mai mataccen ido, ana so a rage masa wahala. Ya ce shekara arba'in da biyar bai taɓa fitar da aiki da kaushi ba, ba kuma zai fara a kan tsuntsu ba. Ni ma, Yaya, dariya na yi, na ɗauka tausayi ne irin na 'yan boko. Ban koma na tambaye ta dalili ba.

Da ka ga Baba a makonnin nan da ka yi kuka don murna. Ya sa aka share ɗakin ajiya na baya, aka fito da bencinsa, ya jera zarto da guduma da samfefa kamar yadda suke a shago, kowane a mazauninsa, har in na matsar da abu ɗan yatsa ɗaya sai ya gane. Tunda idon ba ya taimakonsa, da hannu yake gani. Zai goga, ya shafa, ya sake gogawa, sai yatsansa ya bi katakon daga sama har ƙasa bai ci karo da komai ba sannan ya yarda. Kai ka fi kowa sanin halinsa, kai da ka sha rankwashi saboda bayan kabad ɗin da ba wanda zai taɓa gani. Akwati talatin ya yi, cikin kowanne sumul kamar faranti. Aka rataye su a lambuna uku, ba wanda ya leƙa ciki, kowa na yaba waje. Ba a yi mako biyu ba tsattsewa suka fara shiga da ciyawa a baki. Baba ya koma cin abinci har da neman ƙari, ya koma tsokanar Goggo, kullum da la'asar sai na kai shi lambun da ke kusa da mu ya zauna yana tambayata wane gida aka kama, wane ne har yanzu ba a samu ɗan haya ba.

Ranar Litinin ta makon jiya na raka malamar zagayen dubawa. Mai gadin lambun ya riƙe mata tsani, ta hau ta buɗe akwati na tara. Ta sauko da 'ya'yan tsuntsu huɗu a tafin hannunta, fukafukansu sun gama fitowa tsaf, duk sun mutu. Ta sake hawa ta zura hannu ta shafa cikin, ta juyo ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce irin waɗannan tsuntsaye ƙafafunsu gajeru ne ba ƙarfi, in lokacin tashi ya yi da farce suke kama kaushin katako su hau zuwa ƙofa. In katakon na da santsi sai su yi ta tsalle suna zamewa, uwar tana kira daga waje, har ta gaji ta daina kawo abinci. Na tsaya ina lissafin sauran akwatunan da ke da ƙwai da 'ya'ya. Kwana biyu na yi ina ɓoye wa Baba, muna ta gyaran waɗanda za mu iya ni da mai gadi a ɓoye, ina kai shi lambu da yamma ina yi masa dariyar da ba ta kai ciki ba.

A rana ta uku ya tambaye ni me ya sa na daina ba shi labarin gida na tara. Na faɗa masa komai. Ya yi ta murza yatsunsa a kan gwiwa. Daga baya ya tambayi ko su nawa ne, na ce huɗu. Ya ce a miƙo masa zarto. Yaya, ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya irin wannan ba: aka sauko da akwatunan da ba kowa a ciki, ya zauna a benci cikin lambu, mutane na wucewa suna kallo, yana karce aikinsa da haƙoran zarto, layi bayan layi, yana shafawa don ya tabbatar ya yi kaushi sosai. Waɗanda ke da 'ya'ya kuma ya yanka ƙananan falanki masu tsaga-tsaga kamar matakala, malamar tana jira uwa ta fita neman abinci ta buɗe gefe ta manna a ƙarƙashin ƙofa. Ya ba malamar haƙuri a gaban kowa, ita ma har ta share hawaye. Cikin kwana huɗu aka gama ashirin da tara.

Saura ɗaya, kuma shi ne ya tsare shi. Akwatin farko da ya yi don gwaji, tun kafin ya yarda da zancen gefe mai buɗewa, haɗin gwaninta ya yi masa, katako cikin katako, ba ƙusa ko ɗaya, ya bi da gam. Ba ya buɗuwa sai an fasa, in an fasa kuma sheƙar za ta watse. Yana can a babbar bishiyar bakin tafki, da 'ya'ya uku a ciki. Abin da aka iya kawai shi ne zura wani siririn falanki ta ƙofar, ba wanda ya san ko ya tsaya daidai ko ya kwanta. Malamar ta ce sai nan da kwana goma ko sha biyu za su isa tashi, a lokacin ne za a gane. In an ga uwa na kira ba su fito ba, dole a sauko da akwatin a buɗe shi a hankali, kuma Baba ya ce ba mai iya warware haɗin nan ba tare da ya murƙushe su ba sai wanda ya haɗa. Na kawo masa kafinta biyu, ya yi musu tambaya ɗaya-ɗaya ya sallame su. Tafiyarsa kuwa saura kwana biyar.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Goggo ta ja ni gefe ta ce in daina wauta, mutumin da ba ya bambance akwati da reshe, in ce masa sun tashi mana, ya tafi a gyara masa ido, tsuntsu kuma Allah na nan. Na ƙi, na ƙi, jiya dai na yarda, don tsoron makantarsa ya fi ƙarfina. Muna isa gindin bishiyar na ɗaga kai na yi shewa, na ce Baba ga su can sun fito, ɗaya, biyu, uku, sun haye saman tafki. Har tafi na yi. Bai yi murmushi ba. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru, ya karkata kai, muka tsaya haka har uwar ta dawo da abinci. Sai ga kukansu siriri daga cikin akwatin, wanda ni ban taɓa kula da shi ba. Ya ce su uku ne, ɗaya muryarsa ta fi rauni. Sannan ya laluba ya kama hannuna, ya ce in ya rasa idonsa ya san ya rasa, amma ni ce idon da ya rage masa, kada in sake nuna masa abin da babu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Har muka dawo gida hannuna na cikin nasa, bai ƙara tayar da maganar ba.

Don haka ina roƙonka, don girman Allah, ka koma wurin likitan ka nemi a ɗaga mana ranar ko da mako biyu ne. In sun ce sai an sake bin layi, ka gaya mini gaskiya yadda take, ni ma haka zan gaya masa, ya zaɓa da saninsa. In za ka kira shi ka kira, amma kada ka ce masa tsuntsu ne kawai, na gwada, kwana ya yi bai yi mini magana ba. In kuma faɗan ne dole, ka sauke a kaina, ni na yi dariya a layin da ya kamata in yi tambaya.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina godiya da ɗakin da ta gyara wa Baba, ta yi haƙuri kada ta naɗe shimfiɗar. Ka gaishe da yara, Babban Yaya da Sarkin Ɓarna da 'yar Autarku, Allah ya raya su. Baban yara yana gaishe ka, Goggo ma tana gaisuwa, ta ce in rubuta cewa ita ba ruwanta, na kuwa rubuta. Zan tsaya nan, la'asar ta yi, ga shi can bakin ƙofa da sandarsa da jakar kayan aikinsa yana kiran sunana.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran amsarka,
Autar Baba