Kaset ɗin Binta Ya Dawo da Magana

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan cikin birni lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Kin tambayi darasin ɗinkin da nake ɗauka a kaset ana kai wa matan da ba sa fita. Ya kusa mutuwa. Kaset ya je ya dawo, amma ba mai aiko ko hannun rigar da ta ɗinka, har ofis ɗin da ke ɗaukar nauyin darasin suka fara zancen rufewa.

Ran nan na Binta, ɗalibata ta Gyallesu, ya dawo. Na kunna, ina tsakiyar bayanin wuyan riga sai muryata ta yanke. Ashe wurin ɗaukar murya ta danna ba ta sani ba. Sai ga ta tana ce wa maƙwabciyarta, "Malamar nan sai sauri kamar ana korarta. Ni tun a bayanin aljihu ta zubar da ni."

Yanzu na rage sauri, kuma ina barin bayan kaset ba komai, kowacce ta faɗi inda ta ɓace. Riguna sun fara zuwa, ofis sun yi shiru.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida maigidanki Yaya Sule. In kin zo sallah kar ki gaya wa Binta na ji. Har yau yaba mini basira take yi.

Ƙanwarki,
Asabe